Ƙuri'a Ɗaya a Akwatin Marina

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, rijiyoyin rini uku ne kacal suka rage a Lungun Marina da ke gindin dutsen Dala. A da arba'in ne cif. Sauran duk an cike su da ƙasa an ɗora shaguna a kai, wannan na gyaran rediyo, wancan na sayar da kananzir. Ukun da suka tsira, ɗaya ta Garba ce, ɗaya ta Ilu, ta ukun kuma, wadda ke jikin bango, ta Ɗantani ce. Ita ya gada a wurin mahaifinsa, ita ce kuma take ciyar da gidansa.

Sai dai filin da rijiyoyin suke ba nasu ba ne. Na gidan su Alhaji Mamman ne, wani ɗan kasuwar atamfa da ƙofar gidansa ke kallon marinar. Kakansa ne ya ba kakanninsu aron wurin, babu takarda, fatiha kawai aka shafa. Shekara da shekaru ba wanda ya tayar da maganar, amma kowa a lungun ya san duk ranar da Alhaji ya ga dama zai iya cewa a tashi.

Ɗantani ba mai hayaniya ba ne. Ya ba sittin baya, hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu, irin shuɗin da sabulu ya daɗe da haƙura da shi. In ana taro yana can baya, in an ce a ɗaga hannu sai ya saci kallon na kusa da shi tukuna. Bayan rini, abu ɗaya aka san shi da shi, goron la'asar. Kullum da an idar da salla, Malam Modu, wani tsohon malamin firamare, Babarbare da aka haifa a lungun kafin iyayensa su koma bayan dutse, zai biyo ta marina. Zai tsaya a kan Ɗantani, ya ɓare goro ɗaya gida biyu, ya ajiye rabi a bakin rijiya saboda hannun marini a jiƙe yake.

"Marini, har yau ba ka wanke hannun nan ba?" in ji Modu.

"Sai ranar da ka iya Hausa, Babarbare," in ji Ɗantani.

Wata rana iyakar hirar ke nan. Shekara arba'in suna haka. Matan lungun in suna son sanin ko yamma ta yi nisa, tambaya suke ko Malam Modu ya wuce.

To, sai aka kaɗa gangar siyasa, aka ce da zaɓen ƙananan hukumomi za a fara. Alhaji Mamman ya fito neman kujerar kansila ta mazaɓar. A ɗaya jam'iyyar kuma tsofaffin ɗaliban Malam Modu suka taru suka tura shi gaba, shi da ko keke ba shi da shi.

Saura kwana uku zaɓe Alhaji ya tara magidantan lungun a zaurensa. Ya ce sauran akwatunan mazaɓar Allah ya san yadda za su kaya, amma akwatin da za a ajiye a ƙofar gidansa, ya riga ya gaya wa manyan jam'iyya ko ƙuri'a ɗaya ba za ta fita waje ba. Ya ce mutuncinsa ke nan, kuma mutuncin lungun. Aka ce liman ya yi addu'a, aka shafa fatiha a kan haka. Ɗantani ya ɗaga shuɗayen hannuwansa ya shafa tare da kowa.

Ana gobe zaɓe Modu ya zo da goronsa kamar kullum. Yana ɓarewa yana dariya.

"A akwatinku kam na san sifiri zan kwasa," ya ce. "A lungun da aka binne cibiyata."

Bai roƙi komai ba, Modu ba ya roƙo. Ya ajiye rabin goron ya wuce. Amma maganar ta tsaya wa Ɗantani a ƙirji, ta ƙi wucewa. Ya tuna uwar Modu tana daka a gidan da yanzu ake gyaran rediyo. Ya tuna su biyu suna yara suna tsallake bakin rijiyoyi ana korarsu da muciya. A ce mutum ya nemi abu a inda aka haife shi, ko mutum ɗaya bai ce ya san shi ba? Ya ce a ransa, ƙuri'a ɗaya a cikin ɗari biyu, a asirce ake jefawa, wa zai sani.

Ranar Asabar aka fito. Tsarin zaɓen shi ne da safe a tantance kowa, sannan kafin azahar a dawo a yi layi, a ƙirga mutane, a fara jefawa. Tsakanin tantancewa da layi akwai ɗan lokaci, kuma duk wanda ya san rini ya san ruwan baba ba ya jiran gwamnati. In ba a motsa shi da muciya a kan lokaci ba, sai ya kwanta, aikin mako guda ya lalace. Don haka marinan nan uku duk suka zame suka tafi rijiyoyinsu. Ɗantani ya daɗe fiye da sauran, domin yana da zannuwa biyu a ciki da suka isa tsamowa. Yana cikin matse na biyun ya ji ana kiran a hau layi. Ya shanya shi a gurguje, ya goge hannu a gefen riga, ya taho da sauri.

Da aka ba shi takarda ya shiga bayan labulen buhu da aka kewaye, yana jin kamar ya shiga gidan mutane ba sallama. Ya tallafe takardar ta ƙasa da hannun hagu, ya dangwala babban yatsan dama a gaban alamar jam'iyyar Modu, ya ninke, ya fito ya jefa. Bai kalli bayan takardar ba, ba abin da zai sa ya kalla.

Bayan la'asar malamin zaɓe, wani baƙo da aka turo daga wata unguwa, ya zazzage akwatin a kan tebur a gaban jama'a. Yana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa wakilan jam'iyyu, jama'a na taya shi ƙirga da baki ɗaya. Ta Alhaji, ta Alhaji, ta Alhaji. An wuce ɗari, an wuce ɗari da hamsin. Alhaji na zaune a kujerarsa yana murmushi, yana jan carbi. Sai malamin ya buɗe wata, ya tsaya, ya kira sunan ɗaya jam'iyyar.

Wurin ya yi tsit. Malamin, da yake bai san kowa ba kuma bai san komai ba, sai ya juya takardar ya fuskantar da ita ga wakilan da ke bayansa don su tabbatar. Bayanta kuwa ya kalli jama'a. A nan, rana na haskawa, ga shatin yatsu huɗu a jere, shuɗi. Tawadar zaɓe ruwan hoda mai duhu ce, kowa yana da ita a yatsa, kowa ya san wannan ba ita ba ce. A Lungun Marina ko jariri ya san ruwan baba.

Ɗantani ya sunkuyar da kai. Bai san lokacin da ya tura hannuwansa cikin aljihu ba. Da ya ɗaga kai ya ga Garba ma ya tura nasa, Ilu kuma ya mayar da nasa baya. Mutum ɗari biyu ba sa kallon fuskar kowa, hannuwa suke nema.

Aka gama ƙirga. Alhaji Mamman ɗari biyu da goma sha ɗaya, Malam Modu ɗaya. Da aka kai sakamakon makarantar firamaren da ake haɗa na mazaɓa, aka rubuta akwati-akwati a allo, Alhaji ne ya lashe da rata mai faɗi. Ranar Lahadi aka yi ta kiɗa a ƙofar gidansa, aka dafa shinkafa tukunya-tukunya. Amma ɗan Adam, ka ba shi ɗari biyu da goma sha ɗaya, ɗayar nan da ta kuɓuce ita zai ta lasa a baki. Waɗanda suka shiga yi masa murna sun fito suna cewa dariyarsa ba ta kai ciki ba.

Ranar Litinin da hantsi jakuna huɗu suka shigo lungun da mangaloli cike da jar ƙasa. Mota ba ta iya shiga lungun, da jaki ake kawo ƙasar gini. Mai jakunan ya zazzage ta a gefen marina, taku biyar daga rijiyoyin, ya juya ya tafi ɗebo wata. Ba wanda ya tambaye shi ta mece ce. Haka aka fara da rijiyoyi talatin da bakwai da suka wuce, kowa ya sani.

Sai ga Alhaji ya fito, sabon kansila, da farar shadda. Ya gaida marinan uku ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, har da tambayar iyali. Ladabin ne ya fi tsorata Ɗantani.

"Baba Garba," Alhaji ya ce, "ni da kai mun yi sa-in-sa bara a kan kwatar da ke bi ta bayan gidana. Ban manta ba. Baba Ilu, 'yarka tana aure a dangin Malam Modu. Baba Ɗantani, kai kuma abokin goronsa ne. Kowannenku yana da dalili. Ni ba zan sa a dafa Alƙur'ani ba, na san ku, ko da gaskiyarku ba kwa dafawa. Abin da zan ce kaɗan ne. Mun shafa fatiha a zaurena, wani ya fita ya ci amanarta. Wanda ya yi, rijiyarsa kaɗai nake so. In har aka sauko daga masallacin Juma'a ban san shi ba, duka ukun zan rufe."

Garba, da yake mai zafin kai ne, ya ce wallahi shi bai yi ba, kuma in faɗa zai yi da mutum a gabansa yake yi. Ilu ya ce surukuta daban, fatiha daban. Alhaji ya juyo ga Ɗantani.

"Haba Alhaji," Ɗantani ya ce, "ni da na shafa fatiha a gabanka?"

Bai ce bai yi ba, amma ya san ƙarya ya yi, kuma kunyar ta bi shi har gida.

Daga ranar marina ta zama wani wuri daban. Mutum uku da suka shekara talatin suna aron muciya da toka a tsakaninsu, yanzu kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Garba na hararar Ilu, Ilu na hararar Garba. Abin da ya fi ci wa Ɗantani rai shi ne ba su fiye zarginsa ba. Sun san shi matsoraci ne, ba su zaci zai iya ba. Ranar Talata Ilu ya matso kusa da shi ya ce a hankali, "Ni dai na san Garba ne, Allah ya isa tsakanina da shi." Ɗantani ya ci gaba da motsa ruwansa.

Jakuna kuwa ba su fasa ba. Safe da yamma suna zuwa, tulin ƙasa na ƙara tsawo. Ranar Laraba ya kai ƙugun mutum. Ɗantani yakan auna shi da ido. Ya san zurfin rijiya, gaba uku da rabi ce. Ƙasar ta riga ta ishi rijiya ɗaya, amma ba a daina kawowa ba.

Yana so ya faɗa, ya kasa. Sau biyu yana nufar ƙofar Alhaji, sau biyu yana zarcewa masallaci. Yakan ce wa kansa wataƙila barazana ce, wataƙila liman zai sa baki, wataƙila Alhaji zai huce kafin Juma'a. In ya faɗa, rijiyarsa ta tafi tabbas. In ya yi shiru, akwai wataƙila. Da wannan wataƙilar yake ta lallashin kansa, ga ruwan babansa kuwa ya nuna, ya yi kumfa mai kyau irin wadda ya daɗe bai samu ba.

Malam Modu bai biyo ta lungun ba tun ranar zaɓe. Ba fushi ya yi ba, yawon bangajiya yake. Shi mutum ne da ko gaisuwar ciwon kai ba ta wuce shi, don haka ya ɗauki mazaɓar unguwa-unguwa, yana bi gida-gida yana gode wa duk wanda ya ji labarin ya zaɓe shi. Ran Laraba da yamma labari ya iso cewa ya gama da bayan dutse, gobe Alhamis Lungun Marina zai shigo, zai yi wa Alhaji murna, ya kuma yi godiya.

Godiya ga wa? Ƙuri'a ɗaya ya samu a nan, kuma duk garin an ji irin shatin da ke bayanta. Ɗantani ya san abokinsa. Modu zai zo ne ya kama hannunsa da hannu biyu a gaban kowa, ya ce Allah ya saka da alheri, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ba da mugunta ba, shi dai haka Allah ya yi shi, ba ya iya ɓoye godiya.

Da safiyar Alhamis Ɗantani ya sami matarsa 'Yardada tana tankaɗe a tsakar gida. Bai taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba, amma ita ta wanke rigar da ya goge hannu a jiki ranar zaɓe.

"Ki sa mayafi ki je gidan Malam Modu," ya ce. "Ki sami matarsa Falmata, ki ce ta gaya masa in ji ni, in ya shigo yau kada ya tsaya a wurina. Kada ya yi mini godiya, kada ya yi mini magana. Ya wuce kamar bai san ni ba."

'Yardada ta ajiye rariya ta dube shi.

"Malam, haka zan faɗa? Ya wuce gaba ɗaya?"

"Haka na ce."

"Ni dai da cewa ka yi ya zo kamar yadda ya saba..."

"Kin fi ni sanin Modu ne? In ya tsaya bakinsa ba zai riƙe ba. Tashi ki je, rana na yi."

Ta ɗauki mayafinta. Tsoro ne ya toshe masa kunne, in ba haka ba da ya ji abin da take shirin faɗa.

Da aka idar da la'asar Alhaji ya sa aka fito masa da kujera, ba a ƙofar gidansa ba, a bakin marina, kusa da tulin ƙasa. Shi ma ya ji labarin zuwan. Mutanen da ba su da aikin komai a wurin duk suka sami abin yi. Mai gyaran rediyo ya fito da bencinsa, mai kananzir ya tsaya a bakin shago. Marinan uku kowa na kan rijiyarsa. Ɗantani ya riƙe muciya da hannu biyu.

Sai ga Modu daga bakin lungu, da tsohuwar babbar rigarsa ruwan ƙasa da jar dara. Yana tafe yana gaisawa da mutane hagu da dama. Ya iso wurin Alhaji, ya miƙa masa hannu, ya yi masa murna da zuciya ɗaya, ya ce Allah ya taya riƙo, ya ba shi ikon yin adalci. Alhaji ya amsa da fara'a. Modu ya juya ga Garba, suka gaisa, ya tambayi ƙafarsa da ke ciwo. Ya matsa ga Ilu, suka gaisa, ya tambayi mutanen gida.

Saura rijiyar jikin bango. Ɗantani ya sunkuyar da kai, yana ganin inuwar abokinsa a kan ruwan baba. Inuwar ta ɗan tsaya kamar ƙiftawar ido. Hannun Modu ya tafi aljihun da goro yake, don hannu ya saba, sai ya janye shi. Ya kau da kai ya dubi bango, ya wuce. Bai yi sallama ba, bai ce marini ba. Ya bi lungun har ya ɓace a kwana, kamar yadda aka aika masa, bai rage komai ba.

Ɗantani ya saki numfashi. Ya ce a ransa an tsira. Har ya fara motsa ruwan.

Sai ya lura ba wanda ke magana. Mai rediyo ya kashe rediyonsa. Garba ya saki muciyarsa yana kallonsa baki buɗe. Ilu ma shi yake kallo, kuma a fuskarsa ba fushi, mamaki ne kawai.

Alhaji ya tashi a hankali, ya karkaɗe rigarsa, ya tako har bakin rijiyar. Ya dubi dutsen da ake ajiye rabin goro, wurin har ya yi ja saboda shekaru. Babu komai a kai.

"Baba Ɗantani," ya ce, "tun ina yaro ana aikena sayen ƙosai nake ganin Malam Modu yana tsayawa a nan. Ranar da aka yi ruwan da ya rushe katangar masallaci ya tsaya. Ranar da ya binne ɗansa ma ya tsaya, na gani da idona. Yau ya gaida wanda ya kayar da shi, ya gaida Baba Garba, ya gaida Baba Ilu, kai ya wuce ka. Mutum ba ya ɓoye wanda ba shi da abin ɓoyewa."

A lokacin Ɗantani ya gane abin da 'Yardada ta so faɗa. Da Modu ya tsaya ya ajiye goronsa ya yi tsokanarsa ya wuce, da ba wanda ya ga komai. Shi da kansa ya aika aka tona masa asiri. Abin mamaki, da ya gane haka sai tsoron ya sake shi. Ya jingine muciya a bango.

"Ni ne, Alhaji," ya ce. "Garba da Ilu ba ruwansu. Na bar su kwana huɗu suna zargin juna, wannan ya fi ƙuri'ar damuna. Su yafe mini."

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. A nan aka haife shi. Ban so a rubuta masa sifiri a allo ba."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce da tun ranar Litinin ya faɗa, da wataƙila an duba. Wannan kam faɗa ce kawai, duk lungun sun san tun kafin zaɓe ya yi wa wani mai ɗinki alkawarin shago a jikin bangon nan. Ya ce gobe da safe za a turo ma'aikata. Liman ya je ya ba shi baki bayan magariba, ya fito yana girgiza kai.

Ran Juma'a da hantsi ma'aikata biyu suka zo da shebur. Suka tarar Ɗantani ya riga su. Ya tsamo zanen ƙarshe ya shanya, ya kwashe muciyarsa da murfin rijiya ya aika da su gida. Ya miƙa hannu ya karɓi shebur daga hannun ɗayansu.

"Ubana ne ya miƙa mini ita," ya ce. "Ba baƙo ne zai rufe ta ba."

Shebur na farko da ya zuba, ruwan ya haɗiye ƙasar ba ko alama, kumfar nan mai kyau ta watse ta sake haɗuwa. Ya ci gaba. Can Garba ya taso ya karɓi ɗaya shebur ɗin. Da ya gaji Ilu ya karɓe shi. Ruwan baba ya yi ta tasowa yana malala, ya bi kwata, ya bi ta ƙofar gidan Alhaji, shuɗi har bakin titi. Kafin kiran sallar Juma'a an gama. Ƙasar da ta rage a gefe ta ishi rijiya biyu, kuma ba wanda ya zo kwashe ta.

Bayan la'asar Ɗantani bai san inda zai sa kansa ba, sai ƙafa ta kawo shi wurin. Ya zauna a gindin bango, kusa da ɗanyar ƙasar da ta rine ta yi baƙi-baƙi. Yana nan zaune Modu ya iso. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin.

"Ka ce in wuce, na wuce," Modu ya ce. "Wallahi tun da nake ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba."

"Na sani. Laifina ne."

"Ƙuri'a ɗaya, Ɗantani. Ba ta kai ni ko'ina ba."

"Na san ba za ta kai ka ba."

Modu ya sa hannu a aljihu ya fito da goro, ya ɓare shi gida biyu. Ya sunkuya zai ajiye rabi inda ya saba, sai ya tsaya da hannu a miƙe, yana dube-dube. Dutsen bakin rijiyar yana can ƙarƙashin ƙasa.

Ɗantani ya buɗe tafin hannunsa.

"Kawo nan," ya ce. "Yau a bushe yake."